Daga Zazzau Zuwa Duwatsun Shai, Inda Na Sake Jin Kukan Kazar Dutse

A cikin watan Janairu, lokacin da sanyin hunturu ya kankama a ƙasar Zazzau, na shirya tafiya birnin Akra, wanda tsofaffinmu suke kira Ankara, domin halartar ɗaurin auren ɗan kawuna. Kawun nan ƙanin mahaifiyata ne. Ya bar gida tun yana saurayi yana bin fataken goro, ya yi shekaru a Kumasi, daga bisani ya gangara unguwar Nima ya kafa iyali, kuma rabona da ganinsa ido da ido ya haura shekara 20. Mahaifiyata ta tsufa, doguwar tafiya ta fi ƙarfinta, don haka ni aka wakilta. Ta haɗa ni da ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, da kuma saƙon gaisuwa mai tsawo wanda ta sa na maimaita mata sau biyu kafin in fita.

Tafiyar Zariya zuwa Legas ta dare ce a babbar mota, babu abin da zan ce a kanta sai gajiya da ciwon baya. Washegari da sassafe na shiga ƙaramar mota a tashar Mile 2, muka nufi Badagry da iyakar Seme. Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma a yini guda mutum yakan taka ƙasa huɗu, ya tsallake iyaka uku, ya taɓa kuɗi iri uku: naira da sefa da sidi. Abin da ke cinye lokaci shi ne shingayen bincike, domin wani wurin ba ka gama mayar da takardunka aljihu ba sai ka hango na gaba. A ɗaya daga cikinsu wani jami'i ya karɓi katina na rigakafin cutar shawara, ya juya shi gaba da baya, ya ce hatimin bai fito sosai ba, ya ajiye shi a kan tebur ya ci gaba da hira da abokin aikinsa. Na tsaya a rana kusan rabin awa raina yana ɓaci, saboda na san katin ingantacce ne, ni da ƙafata na je aka yi mini allurar. Wata dattijuwa 'yar kasuwa da muke mota ɗaya, Bahaushiya mazauniyar Lome, ita ce ta sauko ta same ni, ta ce, "Malam, kada ka ɗaga murya, kada kuma ka sa hannu a aljihu. Ka tsaya kawai, direba ba zai tafi ya bar ka ba." Haka na yi. Da mutumin ya ga babu abin da zai fito, sai ya turo mini katin da ɗan yatsa ba tare da ya dube ni ba. Ko sisi ban bayar ba, amma abin ya tsaya mini a rai har muka wuce Kwatano, domin tun shekarar 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba, ga shi kuwa har yau talaka yana biyan wannan dama da lokacinsa da mutuncinsa.

Da muka shiga Togo sai agogo ya koma baya da awa ɗaya. Iyakar Aflao tana manne da birnin Lome, teku yana gefen hagunka yana ta rugugi, kuma a nan na canji kuɗi a hannun wani Bazabarme da muka yi ciniki da Hausa tsantsa. Muka haye gadar kogin Volta a Sogakope da la'asar sakaliya.

Ƙasar da ke tsakanin wannan kogi da Tema ita ce abin da ya fara ba ni mamaki a Gana. Na taso da tunanin cewa duk bakin teku kurmi ne, kamar yadda nake gani a hanyar Ibadan, sai ga fili fetal, busasshiyar ciyawa, suri jajaye a tsaitsaye, kuka jefi-jefi, da garken shanu da makiyayi a bayansu. Da ba don iskar teku mai danshi ba, da sai in ce a hanyar Funtuwa nake. Dalilin kuwa shi ne, yankin Akra yana cikin wani giɓi da ya raba kurmin Afirka ta Yamma gida biyu, inda dajin ciyawa ya sauko har bakin ruwa. Ruwan saman da Akra take samu a shekara, wajen milimita 800, bai kai na Zariya ba, balle na Kumasi.

Na sauka a Tudu bayan magariba, ƙanin ango, wanda malamin makarantar firamare ne, ya tarye ni muka shiga motar haya da suke kira trotro zuwa Nima. Kawu yana zaune a kan buzu a zaure lokacin da na yi sallama. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ɗana, fuskar yayata ka kawo mini," sannan ya kwance ƙullin daddawar ya kai hanci, idanunsa suka ciko. Aka sauke ni a wani ɗan ɗaki na sama mai fanka, amma duk da fankar na kwana ina gumi, ni da na baro gida ana lulluɓa da bargo biyu. Lungunan Nima matsattsu ne, cike da jama'a dare da rana, kuma Hausa ce harshen kasuwa da na masallaci, ko da yake Hausar zango tana da nata salo, har mace ma sai ka ji an ce "ya zo". Da safe koko nake sha da ƙosai, kokon gero mai yajin citta da kanumfari wanda duk garin ya san shi da sunan kokon Hausa, kuma sidi goma yakan ishe ni. Da rana kuwa shinkafa da wake ce wadda ake dafawa da ganyen dawa har ta yi ja, a zuba mata baƙin yajin nan nasu mai kifi da suke kira shito. Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, mai hasumiya huɗu da ginin salon Turkiyya, wanda aka buɗe a 2021. Aka ɗaura aure ranar Lahadi lafiya, aka ci aka sha, aka watse.

Kwana biyu bayan biki muna zaune a ƙofar gida, sai wata yarinya ta zo wucewa da tallan dafaffen ƙwan salwa. Na kira ta na saya, domin ni ma ina kiwon salwa a bayan gidana shekara da shekaru. Kawu ya ɗauki ɗaya yana duba zanen baƙi-baƙin da ke jikin ɓawon, ya ce, "Ɗana, wannan ita ce salwar da Allah Ya ambata a cikin Alƙur'ani?" Na ce masa 'yar'uwarta ce ta kusa. Wadda muke kiwo a keji asalinta daga Japan take, a Najeriya ta hanyar cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta shigo a 1992, tana fara ƙwai tana da mako shida zuwa bakwai, amma zaman keji ya sa da wuya ta yi kwanci, sai an sa ƙwan a injin ƙyanƙyasa. Wadda aka ambata tare da mannu a surorin Baƙara da A'araf da Ɗaha kuwa, masu tafsiri sun tafi a kan cewa tsuntsuwar daji ce, kuma siffar da suka bayar ta dace da salwar da ke yin ƙaura tsakanin Turai da Afirka. Nauyinta wajen giram 100 ne kacal, tsawonta bai kai santimita 20 ba, kuma duk rayuwarta a ƙasa take yi cikin ciyawa da gonakin hatsi, ana jin kukanta ba a ganinta. A can Turai takan tona ɗan rami a ƙasa ta zuba ƙwai takwas zuwa goma sha uku, macen ita kaɗai ta kwanta a kai ƙasa da mako uku, 'yan tsakin su fito su bi ta a ranar da aka ƙyanƙyashe su. Amma idan kaka ta yi, wannan tsuntsuwa da ba ta son tashi ko da an kusa taka ta, sai ta tashi da dare ta ƙetare Bahar Rum, ta faɗo gaɓar Masar da Sinai a galabaice, har mutane su kama ta da raga kamar yadda suke yi tun zamanin Fir'auna. Waɗanda suka tsira sukan wuce har yankin Sahel su yi hunturu. Kawu ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah. Ashe abincin da aka saukar wa Bani Isra'ila har yanzu yana sauka a wurin."

Daga nan hira ta koma gida, shi ne ya tambaye ni ko har yanzu kazar dutse tana kuka a dutsen bayan garinmu. Tambayar ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na ce masa rabon da a ji ta an fi shekara 15. Ya yi shiru, sannan ya ce lokacin da suke yara da kukanta suke sanin gari ya waye a fita da awaki. Muna cikin haka sai malamin nan ɗansa, wanda aka haifa a Nima bai taɓa ganin dutsenmu ba, ya ce, "Yaya, wace iri ce? Ko wata 'yar ƙaramar kaza ce mai duhu, mai ɗaga wutsiya, da take gudu a kan duwatsu?" Na ce ita ce, a ina ya gan ta? Ya ce ya taɓa raka ɗalibansa gandun dajin duwatsun Shai, suka ga wasu sun tsallake hanya a guje. A take na ɗaga ranar komawata da kwana biyu.

Gandun yana kan hanyar da ta tashi daga Tema zuwa Akosombo, kusa da garin Doryumu, wajen kilomita 50 daga tsakiyar Akra. Da yake tsuntsuwar da sassafe take fitowa, sai muka je muka kwana a Ashaiman, gidan wani surukin Kawu mai dillancin shanu, wanda ya karɓe mu da tuwo da miyar ayoyo, ya kuma samo mana mai tasi da zai ɗauke mu bayan sallar asuba. Muka wuce Afienya gari bai gama wayewa ba, sai ga duwatsun sun bayyana a dama, baƙaƙe a tsakiyar fili, hazo ya rufe gindinsu. A bakin ƙofa gwaggon biri ne suka fara tarbar mu, garke guda a zaune a gefen kwalta, uwaye da 'ya'ya a goye, ba su ko motsa don mota ba. Aka karɓi kuɗin shiga, nawa ya fi na ɗan'uwana tunda ni baƙo ne, aka haɗa mu da ma'aikacin gandu ɗaya, domin ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai. Allah Ya taimake ni, mutumin arewacin Gana ne kuma yana jin Hausa sosai. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya dube ni ya ce, "Malam, yawancin masu zuwa jakin dawa da jimina suke tambaya. Idan wannan kake so, sai mu bar mota, kuma ban da magana."

Muka taka wajen minti ashirin a wata 'yar hanya cikin ciyawa mai raɓa, muka wuce wasu jajayen bareyi da suka ɗaga kai suka kalle mu suka ci gaba da kiwo, har muka isa gindin wani dutse inda manyan duwatsu suka ruguzo suka hau kan juna, sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa suka tsiro a tsakaninsu. Ya nuna mana wani falalen dutse muka zauna. Ban fi minti biyar da zama ba sai na ji ta. Ɗaya ce ta fara, da wani siririn fito mai hawa sama, kamar ana cewa "wit, wit, wit", wata ta amsa mata, kafin ka ce kwabo duk garken sun ɗauka gaba ɗaya, muryoyin suna hawa kan juna suna ƙara ƙarfi, dutsen yana mayar da amo, sannan suka yanke a tare kamar an toshe musu baki. Can nesa, daga wani dutsen, wani garken ya mayar da martani. Tsigar jikina ta tashi. Na ga kaina ina ɗan shekara goma, da sanda a hannu, awakinmu suna gaba, hayaƙin ɗumamen safe yana tashi daga gidaje. Na fito da waya hannuna yana rawa na danna naɗar murya, na yi sa'a suka sake ɗauka karo na biyu.

Bayan ɗan lokaci ma'aikacin ya taɓa gwiwata ya yi nuni da leɓe. Daga ƙarƙashin wata sarƙaƙiya suka fito ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga bakwai, ba su fi taku goma sha biyar daga inda muke ba. Wanda bai san su ba zai ɗauka 'yan shilan kaji ne suka ɓato daga wani gida. Tsawon kowace bai wuce santimita 25 da ɗoriya ba, nauyinta kuma bai kai giram 200 ba. Daga nesa launinta ɗaya da dutsen, ƙasa-ƙasa mai duhu, amma da rana ta ɗan haska sai na ga gashin kai da na wuya kowanne da farin baki kamar ɓawon kifi, na jiki kuma da ɗigo-ɗigo da zane siriri. Fatar da ta kewaye ido ja ce babu gashi, ƙafafun ma jajaye. A ƙirji zuwa ciki akwai wani fili mai haske, na namiji yana da ruwan goro-goro, na mace kuwa ya fi kusa da launin madara, kuma kusan da wannan kaɗai ake bambanta su. Abin da ya ba ta suna shi ne wutsiyar, faffaɗa, a naɗe gida biyu, a ɗage sama daidai yadda kazar gida take ɗaga tata. Fakara da salwa duk gajeriyar wutsiya gare su mai kallon ƙasa. Wani bambancin kuma yana a ƙafa, domin zakaran fakarar da muka sani ƙaimi biyu gare shi a kowace ƙafa, ita kuwa kazar dutse, namiji da mace, babu mai ƙaimi ko ɗaya.

Mun fi rabin awa muna kallon yadda suke kiwo, kuma ban ga sun yi nisa da bakin dutse fiye da 'yan taku ba. Suna tafe a jere, suna tona busasshen ganye da ƙafa, suna tsintar 'ya'yan ciyawa da ɗanyen tsiro da ƙananan ƙwari, suna wani ɗan gunaguni a hankali wanda da shi suke sanin inda juna suke. Wata ta sami inda gara ta yi rufi a jikin wani busasshen reshe, ta farfasa shi da baki, nan da nan biyu suka rugo suka taya ta. Ko da yaushe sai ka ga ɗaya ta dakata, ta hau kan ɗan dutse ta miƙa wuya, ta karkata kai ta dubi sama da ido ɗaya. Can sai inuwar wani shaho ta gifta. Abin da ya faru ya fi ƙiftawar ido sauri: suka ƙame na ɗan lokaci, sannan suka kwasa a guje zuwa sama, suna tsalle daga dutse zuwa dutse a kan gangaren da ni sai da hannu da ƙafa zan hau shi, kowace ta shige wani tsagi, wurin ya koma kamar ba a taɓa halittar tsuntsu a cikinsa ba. Ko ɗaya ba ta buɗe fiffike ba. Tana iya tashi idan an matsa mata, amma tashin gajere ne, ƙasa-ƙasa, ta faɗa bayan dutse mafi kusa. Dogaronta yana ga ƙafarta da launinta da sanin kowane rami na dutsen da take zaune.

Da muka tashi, ma'aikacin ya nuna mini wasu 'yan ramuka masu laushin ƙura a gindin wani dutse, da gashi biyu-uku a ciki, inda suke birgima su kakkaɓe ƙwarin jikinsu. Ya ce da rana ta take ba za ka sake jin ɗuriyarsu ba, suna can cikin inuwa, sai yamma ta yi sanyi su fito su sake kuka. Na tambaye shi sheƙa, ya ce a shekarunsa na aiki sau kaɗan ya ci karo da ita. Ni kuwa na taɓa gani, kuma labarin ba ya yi mini daɗi. Ina yaro wajen kiwo na ga wata ta fito suɓul daga ƙarƙashin wani falalen dutse, na leƙa na tarar da ɗan rami da aka shimfiɗa wa ciyawa, da ƙwai biyar masu haske, fari-fari da ɗan ja-ja. Ƙwanta dama ba ya yawa kamar na salwa, daga huɗu ne zuwa shida. Na kwashe su duka a hula na kai gida na sa wa kazarmu mai kwanci, yadda muke yi da ƙwan zabo. Uku suka ƙyanƙyashe, 'yan mitsi-mitsi masu launin ƙasa mai duhu, amma ba su san kiran kazar ba, kullum suna rakuɓe a gindin rumbu, kuma kafin mako ya zagayo duk sun mutu. Sai da na girma na san cewa masu kiwonta sun lura namijin ma yana taya kwanci da reno, yana ɗaukar ɗan abinci ya saki a gaban 'yan tsaki yana kiran su. Abin da na raba su da shi ke nan.

A zaune a kan dutsen ɗan'uwana ya tambaye ni ko ita ɗin kaza ce, ko fakara, ko salwa. Tambayar ta daɗe tana wahalar da masana ma. Tun 1789 wani masani Bajamushe mai suna Gmelin ya shigar da ita littattafan kimiyya, kuma aka yi ta lissafa ta cikin dangin fakara fiye da shekara 200. Sai a shekarun 2000, da aka binciki ƙwayoyin gadonta, aka gano cewa 'yar'uwarta ta kusa wata tsuntsuwa ce da ke zaune a kurmin Yuganda da gabashin Kwango, kuma su biyun suna cikin dangin salwar nahiyar Amurka ne, babu wani ɗan wannan dangi a Afirka sai su. Wato wannan 'yar tsuntsuwa da ba ta yarda ta yi nisa da dutsenta, danginta suna can ƙetaren tekun Atlantika. Mazauninta kuwa ya miƙe tun daga Senegal da Gambiya, ya ratsa ƙasar Hausa, har Habasha da arewacin Yuganda da Kenya, duk inda aka sami duwatsu da sarƙaƙiya a dajin ciyawa. Giɓin nan na busasshiyar ƙasa da na gani a hanyar Tema shi ne ya ba ta wurin zama har kusa da teku.

Saboda faɗin wannan mazauni, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sa ta cikin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu ba, kuma ban musa ba. Amma lissafin duniya daban, dutsen garinmu daban. Na san yadda aka yi ta ɓace mana, domin a gabana aka yi. Gonaki suka matso har gindin dutse, aka sare sarƙaƙiyar aka yi itacen girki, kowace rani matasa suka riƙa cinna wa ciyawa wuta don farautar gafiya, mu yara muka bi ta da danƙo da tarko, daga ƙarshe masu fasa dutse suka kafa inji a gefen gabas. Tsuntsun da yake ƙwai a ƙasa kuma ba ya ƙaura, idan aka ƙone masa gindin dutse ɗaya babu inda zai nufa. A Shai abin da ya cece ta shi ne an killace wurin, wanda faɗinsa a yau murabba'in kilomita 51 ne, tun 1962 a matsayin gandun daji, daga baya a 1971 aka mayar da shi na namun daji, aka hana farauta da saran itace. Ko a can ɗin ma, muna saukowa muka ji ƙarar nakiya daga wata ma'aikatar fasa dutse da ke wajen gandun, ƙura ta tashi fari fat a sararin sama.

Kafin mu fita ma'aikacin ya hau da mu wani kogo mai cike da jemagu, wari ya cika shi, ya nuna mana fasassun tukwane da ramukan niƙa a jikin dutse da ragowar katangu. Mutanen Shai ne suka zauna a kan waɗannan duwatsu ɗaruruwan shekaru, har zuwa 1892 da Turawan Ingila suka tilasta musu sauka. Na tsaya a kan wani dutsen niƙa da hannun mata ya lotsar, na tuna cewa mu ma kakanninmu a kan dutse suka fara zama kafin su sauko fili, kuma babu shakka matan da suka yi niƙa a nan da irin kukan da na ji da safe suke tashi. Muka yi wa ma'aikacin ihsani, muka sayi mangwaro a bakin hanya, muka koma Nima kafin la'asar. Da dare na kunna wa Kawu muryar, ya sa wayar a kunne ya rufe ido, bai ce komai ba sai "Allahu Akbar" a hankali.

Dawowa ta fi tafiya sauƙi, shingayen nan dai suna nan amma babu wanda ya riƙe ni. Na isa gida da hantsi, na tarar salwata suna ta kai-kawo a keji, yara sun kula da su yadda ya kamata. Da yamma na je gaida mahaifiyata, na isar da saƙon ƙaninta da atamfar da ya aiko mata, na ba ta labarin biki tun daga ɗaurin aure har kai amarya. Sannan na fito da waya ban ce mata komai ba na kunna. Tana cikin gyaran ƙullin goro sai hannunta ya tsaya. Ta ce, "Kazar dutse ce. A ina ka samo ta?" Na ce a Ankara, kusa da teku. Ta ce, "Sake kunnawa in ji."